Hazbiyar da ba hazbiya ba

Ina da shekara 14 mahaifinmu ya rasu, shi kuwa yana da 46. Abin da aka ce mana kawai shi ne ciwon ciki. Na ga yadda ya rame har wando ya daina zama a ƙugunsa, na ga yadda yake daɗewa a banɗaki ya fito yana dafa bango, amma ba wanda ya zaunar da mu ya ce ga sunan abin. Mahaifiyarmu ta sani, don ita likitoci suka faɗa wa bayan sun buɗe shi sun mayar sun rufe. Ta haɗiye maganar kusan shekara 30. Ba na ganin laifinta ko kaɗan. A ganinta kare mu take yi, kuma ba wanda ya taɓa ce mata sunan wannan ciwo abu ne da 'ya'yanta za su buƙata wata rana. Bayan shekara shida gwaggona, ƙanwarsa, ita ma ta bi shi, bayan ta daɗe tana fama da zubar jini. Ba ta kai 50 ba. Ba wanda ya haɗa mutuwar nan biyu a cikinmu. Me ya haɗa ciwon cikin namiji da jinin mace?

Sana'ata ɗinki ce tun kafin in yi aure, kuma mai ɗinki idonta ne jarinta. Ina da shekara 38 wani ɗan ƙullutu ya fito mini a ƙirji, ƙasa da ƙashin wuya. Bai kai ƙaramin maɓallin riga ba, launinsa ɗan rawaya-rawaya kamar akwai kitse a ciki. Ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi, sai dai wuyan riga yana gugarsa har wani lokaci ya yi jini. Na je wani ƙaramin asibiti, aka yi mini allurar kashe zafi, aka yanke shi, ɗinki biyu. Da idona na ga an naɗe ɗan naman a auduga an jefa a kwandon shara. Ban ce komai ba, don ban san akwai abin cewa ba. Har yau idan na tuna kwandon nan sai gabana ya faɗi, domin mai yiwuwa amsar da na sha wahalar nema bayan shekara biyar a cikinsa aka zubar da ita.

Ina da 42 wani kumburi ya fito a fatar idona na hagu, ta sama. Kowa ya gani sai ya ce hazbiya ce. Ni ma haka na ɗauka. Na yi ta gasa wurin da tsumma da ruwan ɗumi safe da yamma, na shafa maganin da aka ba ni. Hazbiyar gaske tana zafi, ta yi ja, ta nuna, ta fashe cikin kwanaki. Wannan kuwa ba ta zafi, tana nan da tauri kamar an saka tsakuwa a ƙarƙashin fata. Da ta yi wata biyu aka ce mini toshewar jakar maiƙon ido ce, abu ne da ake gani kullum, za a tsaga ta ciki a kwashe. Aka yi. Bayan wata uku ta dawo, a daidai wurin da take. Aka sake tsagawa. Ta sake dawowa, wannan karon da faɗi, kuma idon ya riƙa yin ja yana hawaye, shi kaɗai ban da na dama. Na ɗiga magunguna kala-kala, ba wanda ya yi aiki. Wata safiya ina wanke fuska na lura gashin idon da ke saman kumburin ya zube, wurin ya yi fili. Na ce wa kaina ai yawan gasa wurin da shafe-shafe ne suka karya shi.

Shekara guda da 'yan watanni na yi a haka. Abin da ya sa na nemi wani likita ba tsoro ba ne, aiki ne: idan na sunkuya kan keke fatar idon sai ta yi nauyi ta rufe mini rabin gani, zare ya riƙa kuɓuce wa allura.

Likitar idon da na samu ba ta yi gaggawa ba. Ta juya fatar idon ta duba cikinta da fitila, ta daɗe tana kallon gefen da gashin ya zube, ta laluba gaban kunnena da ƙasan haɓata. Sannan ta ce, "Malama, sau nawa aka tsaga wannan?" Na ce sau biyu. Ta ce, "An kai abin da aka ciro ɗakin gwaji?" Na ce ban sani ba, amma ba a taɓa ba ni wani sakamako ba. Ta yi shiru kaɗan, ta ce, "To, ni ba matsewa zan yi ba. Zan yanki nama mai ɗan kauri in aika a duba shi a madubin ƙara girma. Kumburin da ya dawo wuri ɗaya sau biyu, ya kuma ci gashin ido, ba na yarda da shi sai na ga takarda."

Mako biyu na jira. Ranar da na koma na tafi ni kaɗai, don na ɗauka magani za a rubuta mini in dawo. Ta ce in zauna, ta tambaya ko akwai wanda ya rako ni, a nan na gane. Sankara ce, ta jakar maiƙo.

Bayanin da ta yi mini a ranar bai shiga kaina ba, sai daga baya na yi ta tambaya ana maimaita mini. Ashe fata ba shimfiɗa ba ce kawai. A cikinta akwai saiwar gashi, akwai 'yan jakunkunan da ke fitar da maiƙo, akwai masu fitar da gumi, ga kuma tushen farce. Kowanne daga cikinsu yana iya tsirar da ƙari irin nasa. Mafi yawansu ba su da illa, suna zama wuri ɗaya har mutum ya tsufa. Kaɗan ne ke zama daji. A gefen fatar ido akwai jerin jakunkunan maiƙo da wani likitan Jamus, Heinrich Meibom, ya yi bayaninsu a 1666, har ake kiran su da sunansa. Su ne ke zuba siririn maiƙon da ke hana hawaye bushewa da wuri. A fatar sama akwai kusan 30, a ta ƙasa ba su kai haka ba, shi ya sa wannan daji ya fi fitowa a sama. Mugun halinsa shi ne kwaikwayo. Yana zuwa da kamannin toshewar jaka, ko na ciwon ido na yau da kullum, ya yi ta cinye watanni ana yi masa maganin wani abu dabam. Kuma yana iya rarrafe a saman tantanin ido ba tare da ya yi tudun da za a gani ba.

Ban yi kuka a gabanta ba. Sai da na fito na zauna a kan benci na ga hannuna yana rawa har na kasa buɗe jaka. Abin da ya fara zuwa raina ba mutuwa ba ce, autana ne, wanda a lokacin shekararsa takwas. Na lissafa: idan na tafi a shekarun da Baba ya tafi, yaron zai kasance da 11. Ban san me ya sa Baba ya faɗo mini a rai a wannan lokaci ba, tunda ba wanda ya ambace shi tukuna.

Kafin tiyata an ɗauki hoton wuyana da ƙirjina don a ga ko ya kai kaluluwa ko huhu. Alhamdulillahi bai kai ba. An kuma tsinci 'yan ƙananan nama daga wurare dabam-dabam na tantanin idon, kowanne da lambarsa, don a san iyakar inda ya rarrafa. Likitan da ya yi aikin ya bi hanyar da wani likitan Amurka, Frederic Mohs, ya faro a shekarun 1930: a yanka kaɗan, a duba gefen a madubi, idan akwai saura a ƙara yankawa a daidai wurin, har a kai ga nama mai lafiya. Da aka gama, fiye da rabin fatar idona ta sama ya tafi. Ido kuwa ba ya rayuwa ba marufi. Sai aka aro daga fatar ƙasa aka ja ta sama aka ɗinke, ba tare da an raba ta da jijiyoyin jininta ba. Ma'ana, idona na hagu ya zauna a ɗinke ruf har mako shida, kafin a sake shiga a raba.

Makonnin nan shida su ne mafi tsawo a rayuwata. Wanda bai taɓa zama da ido ɗaya ba ba zai gane ba. Ina zuba ruwa a kofi sai ya zuba a gefe. Ina miƙa hannu in kama ƙofa sai in kama iska. Matakala ta zama abin tsoro. Na rufe keken ɗinkina da zane don ganinsa yana ƙara mini ciwo. Autana ya daina kallon fuskata, idan zai yi mini magana sai ya kalli ƙasa, kuma wannan ya fi wuƙar likita zafi. Maigidana ne ke wanke wurin yana shafa magani, sau uku a rana, bai taɓa yamutsa fuska ba. Wata rana na ce masa, "Ka faɗa mini gaskiya, ya ya yake?" Ya ce, "Yana kama da wurin da ake gyarawa." Na riƙe wannan magana, don bai yi mini ƙarya ya ce ba komai ba.

Na ɗauka idan aka buɗe idon shi ke nan. Ashe rabin labarin ke nan.

Wannan daji ya fi kama waɗanda suka haura 60. Ni 43 gare ni. Wannan ya sa likitar ta nemi a sake gwada naman da wasu sinadarai, a ga ko akwai abin da ya ɓace a cikin ƙwayoyinsa. Ta kuma tambaye ni ko wani abu makamancin haka ya taɓa fito mini a jiki. Na ba ta labarin na ƙirji. Ta ce, "Ina sakamakonsa?" Na ce an jefar. Ta rubuta wani abu, ba ta ce komai ba. Sannan ta tambayi danginmu: wa ya rasu, yana da shekara nawa, da wane ciwo. Na ce Baba ciwon ciki ne. Ta ce, "Ki tambayi mahaifiyarki. Ina bukatar sunan ciwon, ba wurin da yake ba."

Na same ta bayan sallar isha'i. Na ce, "Umma, don Allah me ya kashe Baba?" Ta ce, "Ajali." Na ce, "Na sani, Umma. Amma likita me ya ce?" Ta daɗe tana kallon idon nan nawa da ke da tabo, sannan ta ce, "Daji ne, a hanji. Gwaggonku kuma a mahaifa. Kakanku ma, yadda aka ba ni labari, haka ya rame ya tafi." Ta fashe da kuka tana cewa da ta sani da ta faɗa tun tuni. Ni na rarrashe ta.

Gwajin jini ya tabbatar. Ga yadda na fahimci abin, da harshen sana'ata. Duk lokacin da ƙwayar jiki za ta rabu biyu, sai ta kwafi rubutun halittar da ke cikinta, kuma dole a samu kuskure nan da can, kamar yadda keke kan tsallake ɗinki. To, akwai masu bin baya suna warware kuskuren suna gyarawa. Manyansu huɗu ne, ana kiran su MLH1, MSH2, MSH6 da PMS2. Ni an haife ni da MSH2 mai lahani, daga Baba na gaje shi. Kurakurai sukan taru ba mai warwarewa, har wata rana su zama daji, musamman a babban hanji da mahaifa. Ana kiran wannan gado da sunan likita Henry Lynch, wanda ya yi rubutu a kan iyalai masu irinsa a 1966. Idan kuma ya haɗa da ƙarin jakar maiƙo a fata, sai a kira shi Muir-Torre, sunayen likitoci biyu da kowannensu ya lura da haɗin, ɗaya a 1967, ɗaya a 1968. An ce mini ƙarin maiƙo da ya fito a ƙirji ko baya ko ciki ma ya fi na ido nuna wannan gado. Shi ya sa na ce kwandon nan ba ya barin raina.

Sai aka ce dole a leƙa hanjina da na'ura mai kyamara. Na yi gardama, na ce cikina lafiya lau yake, ban taɓa ganin jini ba, ban rame ba. Aka ce daidai lokacin da ake so ke nan. An samu tsiro uku, aka cire su nan take ta cikin na'urar. Ɗaya ya riga ya fara juyawa, sai dai bai kai ga zama daji ba. A sauran mutane tsiro irin wannan kan ɗauki kusan shekara goma kafin ya rikiɗe, a irinmu kuwa shekara biyu ko uku na iya isa. Na yi lissafi: 43 da uku, 46. Na daɗe a zaune ban iya magana ba. Kumburin da na tsana, wanda ya ci mini rabin fatar ido, shi ne ya kai ni ɗakin nan kafin lokaci ya ƙure.

Maganar mahaifa ta fi komai yi mini nauyi. Likitoci suka ce tunda na gama haihuwa, abin da ya fi shi ne a cire ta da ma'ajiyar ƙwai, domin babu wani gwajin da ke kama nata da wuri yadda ake kama na hanji. Wata takwas ina juya maganar. Ba wai ina son ƙarin haihuwa ba ne. Abin da ke damuna shi ne a yanke mini abu mai lafiya saboda ciwon da bai zo ba, kuma mai yiwuwa ba zai zo ba. Wasu suka ce rashin tawakkali ne. Na yi istihara, na yi ta tuna gwaggona da yadda take wanke zannuwanta da dare don kada a gani. Ita ba ta samu zaɓi ba, ni na samu. Na sa hannu. Ba zan ɓoye ba, bayan aikin na sha wahala: zafi ya riƙa taso mini daga ƙirji zuwa fuska, gumi da dare, rashin barci, fushi ba dalili. An taimaka mini da magani, amma ya ɗauki lokaci kafin in dawo daidai. Duk da haka ban yi nadama ba. Ba kuma na cewa kowace mace ta yi yadda na yi. Abin da nake so shi ne ta san da maganar, ta yanke da kanta.

A zaman jiran likitan fata, wanda yanzu nake gani duk shekara, na ga yadda waɗannan abubuwa suke da yawa. Na ga wata budurwa da ƙananan ƙuraje jere a ƙarƙashin idanunta, daga hanyar gumi suke, ba su da illa sai damuwar kallo. Na ga yaro da wani ƙullutu mai taurin dutse a gefen fuska, daga saiwar gashi, aka cire shi ke nan. Na ga wani dattijo da ya shekara yana fama da zafi a ƙarƙashin farce ɗaya, ko ruwan sanyi ya taɓa sai ya zabura, ashe ɗan ƙari ne da bai fi kan ashana ba. Mafi yawansu sun koma gida da labari mai daɗi. Ban rubuta wannan don in sa kowa ya tsorata da kowane ƙurji ba. Amma likitan ya faɗa mini abin da ya zauna mini: shi kansa, da duk shekarunsa a aikin, sau da yawa ba ya iya raba mai illa da marar illa da ido, sai madubi. Idan shi bai iya ba, ina ga ni da maƙwabtana da muka yanke hukuncin hazbiya? Tun daga nan duk wanda ya ce mini za a cire masa wani abu a fata, tambayata ɗaya ce: za a kai ɗakin gwaji, kuma yaushe za ka karɓi takardar? Haka nake tambaya a kan kumburin da aka yi wa magani ya dawo wurinsa, ko gyambon da ya ƙi rufewa, ko baƙin layi a farce ɗaya da ke ƙara faɗi. Baƙar fata ba ta hana ko ɗaya daga cikinsu.

Mu biyar ne a wurin Baba, kuma kowannenmu rabi da rabi ne: ko ya gada ko bai gada ba. Na tara su na faɗa musu. Yayata ta yi gwaji, ba ta da shi. Ƙanwata tana da shi, yanzu tare muke zuwa leƙen hanji, kowace shekara ɗaya zuwa biyu, kuma likita ya ɗora mu kan asfirin, don wani babban bincike da aka wallafa a 2011 ya nuna yana rage dajin hanji ga masu wannan gado. Ba magani ne da mutum zai ɗora wa kansa ba, yana iya sa ciki zubar jini. Babban yayanmu ya yi fushi da ni. Ya ce na tona asirin gida, wa zai auri 'ya'yanmu idan aka ji? Na fahimci tsoronsa, ni ma uwa ce. Amma na ce masa, "Yaya, shirun da aka yi a kan Baba bai hana Gwaggo tafiya ba." Wata uku bai yi mini magana ba. Daga baya ya je ya yi gwajin a ɓoye, matarsa ce ta faɗa mini, kuma har yau bai gaya wa kowa sakamakon ba.

Yanzu shekarata 47, na wuce Baba da shekara ɗaya. Idona na hagu ya ɗan fi na dama ƙanƙanta, ba gashi a samansa, kuma yana bushewa, sai na riƙa ɗiga masa ruwan hawaye na kwalba sau da yawa a rana. Na koma kan kekena, ko da yake ba na ɗinkin dare. Babban ɗana ya yi gwaji da ya kai 21, bai gada ba, ranar na yi sujada a tsakar ɗaki. 'Yata tana da 19, ta ce tana so ta gama jarrabawa tukuna. Ban matsa mata ba, jininta ne, kuma akan fara leƙen ne tsakanin shekara 20 da 25. Autan sai ya girma ya zaɓa da kansa, amma ya san sunan ciwon da ya kashe kakansa, na rubuta masa a takarda.

Ƙanina ne ya rage. Shekararsa 40, yana da yara huɗu, kuma duk lokacin da na ɗauko maganar sai ya ce shi lafiyarsa ƙalau. Makon jiya ya kira ni da dare, muka gaisa, ya yi ta kewaye-kewaye, can ya ce, "Yaya, wannan na'urar da ake leƙa hanji da ita, ana sa mutum barci ne?" Na ce ana sawa, ba za ka ji komai ba, kuma ni zan raka ka. Ya ce zai yi tunani. Na tura masa ranar da za mu koma ni da ƙanwarmu. Ya buɗe saƙon, bai amsa ba tukuna.